Taima mai batir don hitar injin mota: in saya a Katsina in aika Kanada?

Rewaya Ƙofar Ƙaura ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni sana'ata wayarin mota ce a nan Ƙofar Ƙaura, to amma an kawo mini wadda ta fi ƙarfin garejinmu. Ƙanwata tana aikin jinya a Winnipeg ta ƙasar Kanada, ƙarfe shida na safe take fita. Motarta Corolla ce, akwai wata waya mai filogi da ke leƙowa ta ƙarƙashin bonet. Masu gyara sun san ta, muna ganinta a wasu motocin da ake shigowa da su daga can, mukan cusa ta ciki ko mu yanke don ba ta da aiki a nan. A can kuwa dole ce. Hita ce a jikin inji mai ɗumama ruwan lagireto, in ba a jona ta ba, a watan Janairu kik ma da ƙyar yake juya inji.

Da tana jonawa tun bayan isha'i, abin ya kwana yana shan wuta. Sai ta sayi taimar nan mai juyawa, wato na'urar da ake jonawa a soket tana kunna wuta a lokacin da aka saita mata, ta saita ta kunna ƙarfe uku na dare. Da safe ta tarar inji ya yi sanyi ƙarara, lokacin taimar kuma ya ja baya. Wani ya ce mata ta nemi mai batir.

Shin batirin ne zai ba hitar wuta ko yaya abin yake? Sannan akwai mai tafiya mako mai zuwa da zai kai mata kuka da daddawa. In shiga Babbar Kasuwa in sayo irin wadda masu firiza ke sawa in haɗa mata?

Mai Sola Daura ya rubuta:

Wa alaikumus salam Oga Rewaya. Batirin da ke cikin taima agogonta kawai yake riƙewa, ko an ɗauke wuta ba za ta manta lokaci ba. Hitar kuwa daga soket take ci. Kai ma in ka ɗauki biro za ka gani: hitar ƙananan motoci tana cin wat 400 zuwa 600, ta manyan motocin gas tana kai 1,000 zuwa 1,500. Ɗauki 600 ka raba da bolt 12, am 50 ke nan. Awa uku am 150, ba a ma sa asarar inbata ba. Batirin Corolla bai kai rabin haka ba, ga shi sanyi yana rage masa ƙarfi. Wato ka ɗumama inji ka rasa abin tayar da shi.

Maganar saye a Babbar Kasuwa, don Allah ka bar kuɗinka. Tamu an yi ta don bolt 230, ga filogi mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila. Su can bolt 120 suke, ramin soket ɗin ma daban. Mai juyawar ta fi muni, don 'yar motar da ke cikinta da bugun wuta take ƙirga lokaci. Tamu sau 50 a daƙiƙa, tasu 60, ko da ta yi aiki gudu za ta riƙa yi, awa biyar ta nuna shida. Kuma ta firiza ta cikin ɗaki ce, ba a yi ta don ƙanƙara ba.

Bakatsine a Saskatoon ya rubuta:

Malam na Daura ya gama lissafi. Ni abin da ya ja hankalina shi ne lokacin da ke ja baya. Ɗan'uwa, tambaye ta a ina take jonawa. In gidan haya ne mai hawa da yawa, kusan na tabbata a sandar soket ta wurin ajiye motoci ne. Waɗannan sandunan da yawansu ba sa ba da wuta a miƙe. Masu gida suna sa su kunna su kashe don rage kuɗin wuta, wasu ma suna auna sanyin iska su raba wutar da kansu. To duk sa'ad da sandar ta kashe, taima mai juyawa ta tsaya cak, ƙarfe ukunta sai ya zama ƙarfe bakwai. Mai batir ba ta da wannan larura.

Sai dai ni a ganina, in sandar mai raba wuta ce, ta jona kai tsaye ta manta da taima, musamman in kuɗin wutar yana cikin haya. Taima a kan sandar da ke kashewa tana rage mata ɗumi ne kawai. Inda take da amfani shi ne soket ɗin gidanka da mitarka ke ƙirgawa. Hita mai wat 600 ta kwana awa 12, yunit 7.2 ke nan. Awa uku kuwa 1.8. Bayan awa huɗu zafin da take ƙarawa iska ce ke kwashe shi, kamar hitar da ka bari a bokiti a tsakar gida da hunturu. Ni tawa awa uku nake ba ta, in an ce za a kai digiri 30 ƙasa da sifili in mayar huɗu. In sanyin bai kai wajen 15 ƙasa da sifili ba, ba na ma jonawa.

In za ta saya, ta shiga Canadian Tire ko Home Depot ta ce wadda ake amfani da ita a wajen ɗaki take so, mai ɗaukar am 15, mai tambarin CSA na tabbatar da ingancin kaya a Kanada. Ta duba bayan kwalin ta ga iya sanyin da aka rubuta, don gilashin lambobin nan yana daskarewa ya daina nunawa. In mai cin batirin AA ce, ta sa na litiyam, yana jure har 40 ƙasa da sifili. Na tocilan ɗinmu na yau da kullum a nan mutuwa yake.

Wanda ya ƙirƙiro hitar injin ma maƙwabcinta ne, Andrew Freeman na Grand Forks a North Dakota, kudu da Winnipeg kaɗan. A 1949 ya sami rajistarsa. Shi tasa a gurbin ɗaya daga cikin kusoshin kan inji ake ɗaura ta.

Direban Jibiya ya rubuta:

To ni fa tawa tana yi mini gardama da asuba in hunturu ya kankama. Ko ni ma in sa hitar ne?

Mai Sola Daura ya rubuta:

Haba direba, sanyin da da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10? Kai ta wurin Oga Rewaya ya auna batir, ya goge kawunansa. In mai gas ce a duba filogin ɗumi. A nan manyan janaretoci masu tashi da kansu in an ɗauke wuta ne kawai ake sa wa irin wannan hita.

Rewaya Ƙofar Ƙaura ya rubuta:

Allah Ya saka da alheri. Na kira ta, a sandar gidan haya take jonawa, kuma wutar cikin kuɗin haya take. Na ce ta cire taimar. Saura wurin aiki, can ta ce babu soket ko ɗaya, motar kuma tana yini a waje awa goma sha biyu. Wannan fa?

Bakatsine a Saskatoon ya rubuta:

Nan taima ba ta da abin kunnawa. Abin da ke aiki ba soket shi ne hita mai ƙona man motar, irin Webasto ko Espar. Ita ce ake saita wa lokaci tana aiki da batirin mota, don famfo da fanka kawai batirin ke juyawa, zafin daga mai yake fitowa. Tana da tsada, masu manyan motoci suka fi sawa. Ga Corolla ni ba zan kashe wannan kuɗi ba. Ta zuba baƙin mai 0W-20 in shi littafin motar ya rubuta, ta sa a auna batirinta kafin Disamba, ta ajiye ƙaramar na'urar tayar da mota a jakarta, ba a but ba, don sanyi kada ya zuƙe ta. Ka kuma ce ta riƙa duba wayar hitar daidai inda bonet ke danne ta. In roba ta tsage a wurin, a canza wayar gaba ɗaya, kada a naɗe da salatif.