Don Allah ya ake jera furannin ƙyalle a kan abin rufa gado?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata za a kai ɗaki bayan sallah, shine nace bari in haɗa mata abin rufa gado mai soso a ciki da hannuna. Na kwaso ƙyallaye wurin telanmu nan Mabera, atamfa da shadda da guntayen yadi, na yanka su zagaye inci 4 na bi baki da allura na ja zare sunka tattare, ko wane fure ya dawo kamar inci 2. To jerin ne ya gagare ni, duk yadda na aza su sai in ga abin ya yi hayaniya da yawa. Kuma furen ake fara ɗinkewa ko sai an haɗa da soso tukun?

Anti Tela Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Maman Biyu kafin komai, kin wanke ƙyallayen nan kafin ki naɗe su? Don shadda mai rini zuba takai, ranar da amarya ta jiƙa shi wallahi farin yadin nan ya tashi aiki. In ba ki wanke ba ki jiƙa ko wace kala daban ki gani, wadda ta zuba ki fidda ta gaba ɗaya kar ki ji tausayinta.

Hayaniyar da kike gani kuma atamfa ce kinka aza bisa atamfa. Ƙasan ya zama yadi mara zane, fari ko ruwan madara ko ruwan toka, sai furen ya fito. Ki yanka shi gida gida inci 12 da rabi, in kin ci kwata ko wane gefe wurin haɗi zai dawo 12 cif, ki goge da dutsen guga, ki ninka biyu ki sake ninkawa layin gugar nan shi zai nuna miki tsakiya ba sai kin yi ta awo ba. Daga nan ki shimfiɗa su ƙasa bisa tabarma yadda za su zauna a gado, ki aza furen ba ɗinki, ki hau kujera ki ɗau hoto da waya. Abin da ido bai gani ba hoto zai nuna miki, musamman in ja ya taru gefe guda. Kuma ba dole ko wane gida ya samu fure ba, ki tsallake ɗaya ki sa ma ɗaya.

Ummu Ɗan Auta:
Ni hwa gam nike sawa, irin na kyandir ɗin nan, minti kaɗan na gama.

Anti Tela Runjin Sambo:
Haba ƙanwata, gam a zafin Sakkwato? Wannan sai dai abin ratayewa a bango. Abin da za a zauna a kai, a wanke, a shanya a rana, zare kawai.

Inna Mai Keke:
Ɗiyata zancen mi za a fara, ni sai na gama haɗa ukun nan nike aza hure, wato na sama da soso da na baya. Ki kama su da dogon ɗinkin hannu daga tsakiya ki yo waje don kar bayan ya tattare, sannan ki bi da keke. In hure na kai ƙafar keke na kama shi, ki yi ta faman ɗagawa. Ki sa alli ki yi alama inda ko wane zai zauna. Amma ki ɗinke shi ta baki zagaye, ba ta tsakiya kaɗai ba, in ba haka ba wankin farko za ya kife. Soso kuma ki nemi mara kauri a Babbar Kasuwa, mai kaurin nan ba ya wucewa ƙarƙashin keken gida.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na jiƙa yanzu, shuɗiyar shaddar ce ke zuba, na fidda ta. Inna ramin tsakiyar furen fa, in sa maɓalli ko in bar shi haka?

Inna Mai Keke:
Bar shi, ko ki cusa ɗan ƙyalle mai wata kala ciki ki kama da zare. Maɓalli na sukar baya, kuma in an samu ƙaruwa yaro na iya cire shi ya kai baki.