Riƙe 'ya'yan talakawa a makaranta: abin da tattaunawar ta tsayar

A wata tattaunawa kan yadda za a riƙe 'ya'yan talakawa a makaranta, malamai, masu unguwanni da 'yan kwamitin kula da makarantu sun yarda cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma tilas, amma ƙananan kuɗaɗe ke korar ɗan talaka: yunifom, littattafan rubutu, takalmi, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Mai hali tuni ya kai nasa makarantar kuɗi, shi ya sa babu mai faɗa-a-ji da ke bibiyar ta gwamnati.

Shawarar farko ita ce ƙidayar yara gida-gida tare da mai unguwa, a gwada ta da rajistar aji. A sa ido sosai kan tsallakawa daga aji shida zuwa ƙaramar sakandare, nan 'yan mata ke zubewa, musamman idan makarantar na da nisa ko babu banɗaki mai ƙofa da ruwa. Yaron da aka daina gani sati guda, a taka har gidansu kafin talla ta zame masa jiki.

Tallafi kuwa a bayar da kaya, kada a ba da kuɗi, domin cefane kan haɗiye su. Asusun tallafin ya kasance da masu sa hannu uku, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a, in ba haka ba zargi zai rusa shi.

Kan almajirai an ja-in-ja. Mafi rinjaye sun ce a fara da yardar alaramma, a sa darasin boko ranakun Alhamis da Juma'a da tsangaya ke hutu.