Marubuci da kafafen sada zumunta: abin da aka tsayar

A wata tattaunawa da marubuta suka yi kan tallata ayyukansu, shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada shafinka ya koma rumfar talla. Mai karatu yana gajiya da jin "ku sayi littafina" safe da yamma. Gara ka nuna masa sakin layin da ka soke sau uku kafin ya zauna daidai, ko ka ɗora bangon littafi iri biyu ka tambaye shi wanne ya fi. Ni ma nan na fi karkata, domin wanda ya ga wahalar aikin shi ke ɗokin fitowarsa.

An ce a riƙi kafar sada zumunta ɗaya ko biyu da kyau, domin kowace da nata tsarin. A Instagram, mahaɗin intanet (link) da aka sa ƙarƙashin hoto ba ya latsuwa, sai a ajiye shi a bayanin shafi. A X (wato tsohuwar Twitter) kuwa, mai asusun kyauta haruffa 280 gare shi a kowane rubutu.

Kan zumunci, a karanta aikin wasu, a yi musu sharhi na gaskiya kafin a nemi alfarma. Wasu suka ƙara da cewa a tara imel ɗin masu karatu da izininsu, don ana iya rufe shafi dare ɗaya.