Xeloda ko capecitabine na Indiya: wanne zan saya wa mahaifina?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. An yi wa mahaifina aikin ciwon daji na babban hanji a nan Sakkwato, likita ya rubuta masa capecitabine, ya sha kwana 14 ya huta kwana 7. Da na je saye sai aka nuna mini Xeloda da kamfanin Roche ya ƙirƙiro, da wani na Indiya wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na farkon ba. Mun riga mun sayar da shanu saboda aikin, amma ana cewa araha ba ta ado, kuma ina tsoron in tauye wa Baba haƙƙinsa. Shin ƙarfinsu ɗaya ne?

Mai haɗa magani, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Sinadarin da ke cikinsu ɗaya ne, kuma jiki yana mayar da shi 5-FU, wanda shi ne ke yaƙar ciwon. Xeloda sunan kasuwa ne kawai. Kamfanin da ya ƙirƙiro magani yana da wa'adin mallakarsa, idan ya ƙare sai wasu kamfanoni su yi irinsa, kuma ƙa'ida ita ce su nuna cewa nasu yana shiga jini gwargwadon yadda na asalin yake shiga. Da yake ba su ɗauki nauyin binciken farko ba, shi ya sa nasu ke da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne jabu, domin masu yin sa sun fi kwaikwayon suna mai tsada. Ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, sannan ka nemi sunan maganin a Greenbook, wato jerin magungunan da hukumar ta yi wa rajista a intanet.

Hajiyar Gawon Nama:
Ɗana, ka kwantar da hankalinka. Maigidana yana da ƙarin ciki da ake kira GIST, yana shan imatinib miligiram 400 kullum. Da Glivec na Novartis muka fara, har kuɗi ya gagare mu ya yi makonni bai sha ba, abin da har yau yake ci mini rai. Likitansa da kansa ya mayar da mu na Indiya, inda kotun ƙolinsu ta hana Novartis mallakar maganin a 2013, kuma hoton da ake yi masa yana nuna ƙarin bai ƙaru ba. Ka zaɓi wanda za ku iya saye har a kammala, kada a tsaya a tsakiya.

Mai haɗa magani, Runjin Sambo:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ƙari a kai, ka saya a kantin maganin asibitin koyarwa ko wurin da ke da sanyi, domin zafin bazararmu yana wuce digiri 40, maganin kuwa ba a so ya wuce 30. Baba ya riƙa sha cikin minti 30 bayan cin abinci, kuma idan gudawa ta tsananta ko tafin hannu da na ƙafa suka yi ja suna zafi, a sanar da likita nan take.

Ɗan Mabera:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan kai wa likitansa kwalin ya gani kafin in biya.