Deadline: wa'adi ne, ko cikar wa'adi?

Mai fassara:
Assalamu alaikum masana. Kullum ana fassara deadline da "wa'adi", amma jumla irin "wa'adin shi ne ƙarfe 12 na daren Juma'a" ba ta zauna a kunne. Akwai wadda ta fi ta?

Malamin tarihi:
Wa alaikumus salam. Asalin kalmar deadline layi ne a ƙasa. Lokacin yaƙin basasar Amurka, a sansanin fursunoni na Andersonville da ke jihar Jojiya, wanda aka buɗe a 1864, an kafa wani gajeren shingen katako daga ciki, kamar mita 6 kafin katanga. Fursunan da ya tsallake shi, mai gadi daga sama zai harbe shi. Wannan shingen ne dead line. Kusan mutum 13,000 suka mutu a can cikin kimanin 45,000, galibi saboda cuta da yunwa. Daga baya maɗaba'u suka ari kalmar don iyakar da rubutu ba ya fitowa in ya wuce ta, zuwa shekarun 1920 kuma 'yan jaridar Amurka suka mai da ita lokacin rufe karɓar labari.

Edita:
Malam ya taɓo bakin zaren. Deadline iyaka ce, shi kuwa wa'adi tsawon lokacin ne gaba ɗaya: wa'adin kwana 14 da ƙungiyar ƙwadago ke ba gwamnati, ko wa'adin mulki na shekara 4. Don haka ainihin fassarar ita ce "cikar wa'adi". Sai a kula da aikatau. Wa'adi ake ƙarawa ko a tsawaita, rana kuwa ɗage ta ake yi. Lokacin canjin kuɗi a 2023, Babban Bankin Najeriya ya ƙara wa'adin karɓar tsofaffin takardun naira daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu, ba wanda ya ce an "ƙara cikar wa'adi".

Ɗaliba:
Malamai, "ranar ƙarshe" fa?

Malamin Larabci:
Malama, a bar ta. In ta tsaya ita kaɗai, hankalin mai karatu Lahira zai tafi, kuma wani deadline ɗin awa ce, ba rana ba. A sanarwar rajista ko neman aiki, "ranar rufewa" ta wadatar. Da "ajali" ce ta fi dacewa, don a ayar bashi, Baƙara 282, ma'anarta lokacin da aka yanke na biya. Amma a bakin Bahaushe mutuwa ta riga ta kwashe ta. Ko wa'adin ma bai tsira ba, tunda in aka ce wa'adin wane ya cika, sai dai a tambayi lokacin jana'iza. Shi ya sa ake jingina shi da aiki, a ce wa'adin rajista, ba wa'adin ɗalibi ba.

Edita:
Mai fassara, jumlarka kuma aikatau take nema: "Wa'adin zai cika da ƙarfe 12." Amma ka gyara "daren Juma'a". A lissafinmu dare ke gabatar rana, wasu za su ɗauka daren Alhamis ne wayewar Juma'a. Rubuta "ƙarfe 11:59 na dare ranar Juma'a, wayewar garin Asabar".

Mai fassara:
Na gyara haka. Allah Ya saka da alheri.