Kalmomin Turancin da nake tsinta a jarida ba sa zama a kaina, ina mafita?

Sadiq_Funtuwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina karanta jaridun Turanci don in ƙara yawan kalmomi, duk wadda ban sani ba sai in rubuta ta da ma'anarta a littafi. Amma idan na zo magana ko rubutu, ko ɗaya ba ta faɗo min. Ga kuma kalmomin 'yan zamani da ke yawo a intanet, babu su a ƙamus ɗina. Masana, wace hanya ce ta fi, kuma wane ƙamus zan riƙe?

Malam_Nahawu:
Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Matsalar tana wurin abin da kake rubutawa. Kalma ita kaɗai da fassararta a gefe ba ta da amfani wajen magana, domin ba ka san da wa take tafiya ba. Jimlar da ka tsince ta a ciki za ka kwafa gaba ɗaya, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar da maƙwabtanta. A Turanci laifi "commit" ɗinsa ake yi, ƙorafi "lodge" ko "file", zargi kuma a yi "deny" ɗinsa. Wanda ya haddace "complaint" kawai ya san ma'ana, amma bai iya haɗa jimla da ita ba.

Sai batun yawa. Zaɓi labari ɗaya mai kalmomi 300 zuwa 500. Karanta shi har ƙarshe ba tare da taɓa ƙamus ba, ka yi hasashen ma'ana daga abin da ke kewaye. A karatu na biyu ka ɗauki kalmomi 5 zuwa 8 kawai, waɗanda suka maimaitu ko waɗanda labarin ba ya fahimtuwa sai da su. Sauran ka bar su, in masu amfani ne za ku sake haɗuwa. Paul Nation, masanin koyon kalmomi a New Zealand, ya nuna cewa sai mai karatu ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi shi kaɗai. Don haka in kowane layi yana tsayar da kai, labarin ya fi ƙarfinka, ka sauko. Shirin 6 Minute English na BBC yana zuwa da rubutaccen abin da aka faɗa, sannan Special English da Muryar Amurka ta fara a 1959 an gina shi ne a kan kalmomi kusan 1,500.

Ƙamus kuwa, na masu koyo za ka nema: Oxford Advanced Learner's, Cambridge ko Longman, duk akwai su kyauta a intanet. Kada ka tsaya a ma'ana ta farko, nan mafi yawa suke faɗawa. "Charge" tana nufin cajin waya, kuɗin da aka caje ka, da tuhuma a kotu. Jimlarka ce za ta nuna maka wacce. Bita kuma washegari, bayan kwana 3, bayan mako, bayan wata. Manhajar AnkiDroid tana tsara wannan da kanta.

Hajiya_Edita:
Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Abin da zan ƙara shi ne, kanun labari yare ne na daban, kuma a nan masu koyo suke ɗebo abin da ke ba su kunya. Saboda ƙarancin fili, edita yana neman gajeriyar kalma: "probe" maimakon bincike, "nab" don kamawa, "slam" don suka, "axe" don kora ko sokewa, "row" don taƙaddama, "bid" don yunƙuri. Ka san su don ka gane labari, amma kada ka sa su a takardar neman aiki. Ba wanda ke zaune yana hira ya ce an yi "nab" ɗin ɓarawo sai in da wasa.

Nahawunsu ma daban ne. "President signs bill" ya riga ya sa hannu. "President to sign bill" bai sa ba tukuna. "Minister sacked" shi aka kora, ba shi ya kori wani ba. Kuma in ka ga "alleged" ko "reportedly", jaridar tana kare kanta ne, ba a tabbatar da maganar ba.

Ka kuma lura da ƙasar da jaridar ta fito. A majalisar Ingila, "table" ɗin ƙuduri gabatar da shi ne, a Amurka kuwa jingine shi ne. Jaridun Najeriya suna rubuta "severally" da nufin sau da yawa, alhali Bature zai fahimci kowa daban daban. Ba wai Turancinmu kuskure ba ne: a Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, har da "okada", "danfo", "next tomorrow" da "Kannywood". Sai dai an yi musu alamar cewa na Najeriya ne, kuma mai duba jarrabawar IELTS, wato jarrabawar gwada iya Turanci ta ƙasa da ƙasa, ba lallai ya san su ba.

Dabara ɗaya: karanta labari a Aminiya ko BBC Hausa, sannan ka nemo shi a Daily Trust. Tunda ka riga ka san abin da ya faru, hankalinka zai koma kan yadda aka faɗe shi.

Abba_Dijital:
Kalmomin 'yan zamani kam, ni dai shawarata a gane su, kada a yi gaggawar amfani da su. Saurin tsufa gare su. Oxford ta zaɓi "rizz" a matsayin kalmar shekarar 2023, wato iya jan hankalin wanda ake so, sai "brain rot" a 2024, wato dushewar ƙwaƙwalwa saboda yawan kallon shirme a intanet. Merriam-Webster, mai ƙamus na Amurka, ta zaɓi "gaslighting" a 2022, wato ka rinƙa juya wa mutum magana har ya fara shakkar hankalinsa. Wannan ta ƙarshen ta shiga labaran siyasa sosai, ta cancanci a koye ta. "Rizz" kuwa, dattijo ya faɗe ta sai yara su yi dariya.

Urban Dictionary kowa ne ke rubutu a ciki, da yawan ma'anonin barkwanci ne ko batsa. Duba can don ka sami haske, sannan ka tabbatar a Cambridge ko Merriam-Webster. Ka kula da 'yar alamar da ke gaban ma'ana: "informal" na hira ne, "offensive" zagi ne, "disapproving" kuma akwai kushe a ciki. Kafin ka furta sabuwa, ka gan ta a wurare 3 mabambanta, ka ga wa ke faɗa wa wa.

Sadiq_Funtuwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To furuci fa? Karatu kawai ba ya nuna shi.

Malam_Nahawu:
Ƙamus na Oxford, Cambridge da Longman duk suna da maɓallin sauti, na Ingila da na Amurka, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. A YouGlish kuma za ka rubuta kalma ya kawo maka mutane suna faɗarta a bidiyo. Abu biyu ke kama Bahaushe: bambanta "p" da "f", kamar "pull" da "full", da kuma gaɓar da ake dannawa. "Record" in suna ce ana danna gaɓar farko, in aikatau ce ta biyu, haka ma "suspect" da "permit". Duk kalmar da ka shigar a littafinka, ka sa ɗigo a kan gaɓar da ake dannawa, kuma ka karanta jimlar da ƙarfi lokacin bita.