Rumbun bayananmu ya kusa cika, saba kuma ta yi nauyi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana kwamfuta. Ni ke kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai, ta wani kamfanin dillancin magunguna a nan Sakkwato. Rumbunmu na PostgreSQL (manhajar ajiye bayanai) yana kan faifai huɗu masu juyawa a tsarin RAID 5 (haɗa faifai su yi aiki kamar guda, ko ɗaya ya lalace bayanai ba sa ɓacewa), kuma wurin ajiya ya kusa ƙarewa. Da safe, da zarar rassanmu sun fara shigar da ciniki, sai komai ya tsaya cak. Na duba, faifan ne ke jan ƙafa wajen rubutu.

Na goge tsofaffin bayanai, na yi VACUUM (umarnin share gurbin bayanan da aka goge), amma fili bai dawo ba. VACUUM FULL kuwa, wanda ke dawo da filin, kulle teburin bayanai yake yi, ga shi ba ma iya tsayar da ciniki.

Don Allah da wanne zan fara: komawa SSD (faifai marasa juyawa, masu sauri) a RAID 10 (tsarin da ke ajiye kwafi biyu na bayanai), ko rarraba teburin ciniki wata-wata? Ta yaya zan kwashe bayanan ba tare da dogon tsaiko ba?